Kazar Ruwa a Fadamun Morai

Kunne ke fara sanin kazar ruwa, ido sai daga baya. Da sanyin safiya, a bakin magudanan da ke ɗauko ruwa daga madatsar Bakolori, za ka ji wani gurnani haɗe da kyarkyara daga cikin kacala. Ba tsuntsu ɗaya ba ne: miji da mata ne, wannan ya ɗauko, waccan ta amsa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, su kuwa nasu na shelar iyaka ne, kada wata ta kuskura ta shigo musu.

In ka yi haƙuri ta fito, baƙa ce wuluk, ba ta kai kurciya tsawo ba, baki rawaya mai sirkin kore, ido ja, ƙafafu jajaye. Yatsunta zara-zara ne, shi ya sa take taka ganyen bado ba ta nutse ba, tana tafe tana kaɗa ɗan guntun bindinta. Tashi dai ba gwana ba ce; in ta firgita sai ta ruga cikin ciyawa. Abincinta ƙwari, tsutsa, talibambam, ƙananan kifaye da 'ya'yan ciyawa, kuma ba ta ƙi ƙwan wani tsuntsu in ta samu. Inda ake da dorina har bayanta take hawa tana tsince mata ƙwari.

Tun da aka kammala madatsar kan Gulbin Sakkwato a 1978, ruwa ya daina yankewa da rani a wasu fadamun Talata Mafara, Bakura da Maradun, wannan kuwa shi ne muradin kazar ruwa. Sheƙa takan saƙa ta cikin ciyawa, ɗan sama da ruwa, ta saka ƙwai 2 zuwa 6, uwa da uba suna karɓa-karɓar kwanci har kusan mako biyu ko fiye. Abin da ya fi burge ni, yayyen da aka ƙyanƙyashe a baya sukan taya ciyar da ƙannensu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

An ce kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa, amma wannan shirwarta ɗan Adam ne: wutar share gona da maganin feshi. Alhali ba ita ke cinye shinkafa ba, aikin tsuntsayen jan-baki ne. Manomi, in za ka cinna wa ciyawar bakin ruwa wuta, ka bar mata ko da taku goma.