Shibo da mahaifinta Ganji: yadda iskokin Babule suka tayar wa Faransa hankali a Kurfai

A shekarar 1925, a ƙauyen Shikal da ke kusa da Filinge cikin ƙasar Kurfai, wata mace mai suna Shibo ta faɗi ana tsakiyar wasa. Abin da ya hau kanta bai yi kama da iskokin da mutanen yankin suka saba da su ba. Yana taku irin na soja, yana ba da umarni kamar Bature. Kurfayawa suka kira waɗannan baƙin iskoki Babule, amma sunan da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne Hauka.

Wasu masana tarihi idan sun ambaci Shibo, sukan haɗa da mahaifinta, Ganji. Wannan ne ɓangaren labarin da aka fi tsallakewa. A zamanin da Nasara ke karɓar haraji yana kwasar samari aikin tilas, uban da 'yarsa ta fara kwaikwayon kwamanda a bainar jama'a yana da hanya mai sauƙi: ya kulle ta a ɗaki, ya ce ba ta da lafiya. Ganji bai yi haka ba. Ya tsaya tare da ita, suka zama jagororin tafiyar su biyu.

Matasa maza da mata suka yi ta shiga. Suka ƙi biyan haraji, suka ƙi aikin tilas, suka juya wa sarkin Kurfai Gado Namalaya baya, wanda Faransawa ke mara wa baya. Iskokin ma muƙamai ne da su irin na gwamnati: akwai Gomno Maliya, gwamnan Bahar Maliya, akwai Kafaral Gardi.

Kwamandan Yamai na lokacin, Croccichia, ya sa aka kamo kimanin mutum 60, aka kai su Yamai aka tsare, aka dake su don su ce babu wani abu wai shi Hauka. Abin mamaki, shi kansa daga baya ya zama ɗaya daga cikin iskokin, ana kiransa Kwamanda Mugu ko Korsasi, saboda mutumin tsibirin Kosika ne. A 1927 hukuma ta sake dirar wa tafiyar, aka kori jagororinta daga ƙasarsu.

Korar ba ta kashe abin ba. 'Yan ci-rani sun tafi da shi Gwalkwas, Ghana ta yanzu, inda Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous a wajen Akara a 1954. Hukumar Ingila ta hana nuna fim ɗin, wasu 'yan bokon Afirka kuma suka ce ya zubar da mutuncin baƙar fata.

Har yau masana ba su daidaita ba. Finn Fuglestad, wanda ya yi rubutu a kai a 1975, ya karanta lamarin a matsayin bore ga mulkin mallaka da sarakunan da ya naɗa. Malamai kuwa shirka suke kiran duk wani abu na bori, shi ya sa mutane da yawa ba sa son ɗauko zancen. Amma ko da an ajiye batun iskoki gefe, mace ce daga Shikal ta jagoranci ƙin haraji shekaru 35 kafin Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, mahaifinta kuma yana gefenta lokacin da hukuma ta zo.