Itacen Mugo a Lambunan Ƙasashen Sanyi

Shi dai mugo, wanda masana ke kira Pinus mugo, asalinsa itacen kan dutse ne. Yana fitowa a duwatsun Alps da Karfatiya da na yankin Balkan a nahiyar Turai, galibi daga tsayin mita 1,000 zuwa sama da 2,000, inda iska da ƙanƙara ke hana manyan itatuwa miƙewa. Sunan kuwa daga Italiya ya samo asali, ba shi da wata dangantaka da kalmar "mugu" ta Hausa.

Rayuwar dutse ce ta ba shi halayen da suka sa masu gidaje a Kanada da arewacin Amurka suke sonsa. Ganyensa sirara ne kamar allura, biyu-biyu, kuma kore ne shar rani da hunturu. Rassansa na da danƙo, sukan lanƙwasa a ƙarƙashin nauyin ƙanƙara ba tare da sun karye ba. Yana jure sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Bukatarsa kaɗan ce: rana isasshiya, da ƙasa wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, domin jiƙa mai yawa na ruɓar da saiwarsa.

Amma akwai wurin da mutane da dama ke yin kuskure, watau batun girma. Mutum zai sayi ɗan dashe da zaton wada ne, ya kafa shi gindin taga, bayan shekaru ya tarar ya kai mita huɗu ya tare haske. Dalili kuwa shi ne, dashen da aka samu daga ƙwaya ba ya bin girman uwarsa daidai. Wanda ke son ƙarami lalle ne ya nemi nau'i mai suna, kamar Mops, wanda ake yaɗawa ta hanyar aure, tamkar yadda ake yi wa mangwaro.

Sassabe ba ya gyara wannan kuskure, domin tsohon reshe in aka sare shi har inda babu ganye, ba ya sake tohowa. Dabarar ita ce a jira ƙarshen bazara, sa'ad da sababbin tsiro suka miƙe kamar kyandir, a tsinke rabin kowanne da yatsa tun yana da taushi, kuma a maimaita haka kowace shekara.