Asibitin Yara Na Sakkwato Da Yaƙin Da Ake Yi Da Cutar Noma

A birnin Sakkwato akwai wani asibitin yara wanda irinsa kaɗan ne a duniya, gama cuta ɗaya tak aka gina shi dominta, watau cutar noma. Sunan nan bai shafi aikin gona ba ko kaɗan. Daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa kuwa cinyewa. A wasu ƙauyuka ana ce da ita ciwon iska, abin da ya sa iyaye da yawa kan fara zuwa wurin mai magani kafin su tuna da asibiti.

Cutar ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda tamowa ta raunana, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara ne da kumburin dasashi, da zubar jini, da warin baki. In an yi sake, cikin 'yan kwanaki sai kunci ya kumbura, naman ya ruɓe, har ta huda fuska ta kai ga ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ke kamuwa kowace shekara, kuma tara cikin goma na waɗanda ba su sami magani ba kan rasu.

An buɗe asibitin a 1999, daga 2014 kuma ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta shigo tana tallafa masa, ana yi wa marasa lafiya aiki kyauta. Gane cutar ba ya bukatar wata na'ura mai tsada. Likita yakan buɗe bakin yaro ne ya duba dasashi da kunci, ya auna nauyinsa, ya tambayi uwa irin cututtukan da ya yi a baya, sa'an nan ya faɗi matakin da ciwon ya kai. Idan tun yana dasashi aka zo, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da shi.

Wahalar tana ga wanda aka kawo a makare. Ko ya tsira da ransa, yakan rasa leɓe, ko hanci, ko ido, sau da yawa kuma tabon kan ɗaure muƙamuƙi har baki ya kasa buɗuwa, ci da magana su gagara. Irin wannan yaro ba a gaggauta yi masa tiyata. Sai an ciyar da shi ya yi ƙarfi, miki ya warke, kafin ƙwararrun likitocin da kan zo lokaci-lokaci su ɗebo fata daga wani sashe na jikinsa su gyara fuskar. Wani sai an yi masa aiki sau da dama cikin shekaru.

Bayan tiyata sai aikin masu motsa gaɓoɓi, waɗanda kan koya wa yaro da uwarsa yadda za a riƙa buɗe bakin kullum, don kada ya sāke rufewa. Akwai kuma masu ba da shawara da ke rarrashin yaran da tsangwama ta hana su shiga cikin tsaransu. Malama Mulikat Okanlawon, wadda aka yi wa aiki a nan, ta zama ma'aikaciyar asibitin, har mujallar Time ta Amurka ta sa ta cikin fitattun mutane 100 na fannin lafiya a 2024.

Nijeriya ce ta jagoranci roƙon da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, ran 15 ga Disamba, 2023. Amma lalle rigakafi ya fi magani. Uwar da ta ga dasashin ɗanta na jini, bakinsa na wari, kada ta jira kumburi. Ta kai shi asibiti mafi kusa a ranar.