Wasan Harbi Na Ƙungiya: Yadda Sabon Shiga Zai Fara

A kwanakin hutu, duk wanda ya bi ta wurin cajin waya a Dugabau, ko Garo, ko cikin garin Gwarzo, da wuya ya rasa ganin samari sun haɗa kai, kowa da waya a kwance cikin tafin hannu, wani yana cewa "ga shi nan ta hagu", wani yana cewa "ku jira ni". Iyaye da yawa suna ganin abin amma ba su san me ake yi ba. Ɗalibai kuma da yawa suna shiga ba tare da kowa ya nuna masu kan wasan ba. Wannan rubutu domin su duka biyu ne: mu san ko wane irin wasa ne, yadda ake fara shi, da kuma inda ya kamata a taka birki.

Wane Irin Wasa Ne?

Wasannin harbi na waya da kwamfuta iri-iri ne. A PUBG Mobile, wanda ya fito a 2018, ana zuba mutum kusan 100 a fili guda, wanda ya rage shi ya ci. Free Fire ma kusan haka yake. Amma wanda muke magana a kai dabam ne. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum 5. Ɗaya tana kai hari domin ta dasa bom a wani wurin da aka shata, ɗaya tana tsaron wurin. Wanda aka harbe ya fita ke nan, sai turmi na gaba.

Duk wanda ya taɓa yin langa ya riga ya san rabin wasan. A langa akwai ruwa, wanda dole 'yan ƙungiyarsa su kāre shi har ya kai wurin sha. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa ya fita. Ƙato mai ƙarfi wanda ya bar ruwansa ya tafi neman suna shi kaɗai, shi ne yakan jawo wa ƙungiyarsa faɗuwa. To, haka abin yake a nan, sai dai maimakon dandali, a fuskar waya ko kwamfuta ake yi.

Asalin Wasan

Uban wannan irin wasa shi ne Counter-Strike. Samari biyu ne, Minh Le da Jess Cliffe, suka ƙirƙiro shi a 1999, ta wurin gyara wani wasa mai suna Half-Life. Kamfanin Valve na Amurka ya karɓe shi ya fitar da shi kasuwa a 2000. Daga baya aka yi Counter-Strike: Global Offensive a 2012, sa'an nan Counter-Strike 2 a 2023. Wasu kamfanoni ma sun bi sahu. Ubisoft ya fitar da Rainbow Six Siege a 2015, Riot Games kuma ya fitar da Valorant a 2020.

Counter-Strike 2 yana bukatar kwamfuta mai ƙarfi, abin da ba kowane gida ke da shi ba a wajenmu. Saboda haka ƙofar da ta fi kusa da ɗan Kabo ko Gwarzo ita ce Call of Duty: Mobile, wanda ya fito a watan Oktoba na 2019. A cikinsa akwai sashen da ake kira Search and Destroy, mutum 5 da 5, bisa tsarin da muka faɗa. Abin da mutum ya koya a can zai yi masa amfani ran da ya zauna gaban kwamfuta.

Wasan ya zama sana'a ga wasu. Babbar gasar Counter-Strike ta farko da Valve ya ɗauki nauyi an yi ta a ƙasar Suwidin a 2013, da kyautar dala 250,000. A 2021, a birnin Istokholm, kyautar ta kai dala miliyan 2, ƙungiyar Natus Vincere ta ƙasar Yukren ce ta ci. Amma a lura, masu kai wa nan ƙalilan ne ƙwarai cikin miliyoyin masu bugawa.

Dokokin Wasan

Bari mu ɗauki Counter-Strike 2 misali. Kowane turmi minti 1 ne da daƙiƙa 55. Masu hari za su ci idan sun harbe masu tsaro duka, ko kuwa bom ɗin da suka dasa ya tashi. Bom yana tashi bayan daƙiƙa 40. Masu tsaro za su ci idan sun harbe masu hari kafin a dasa, ko lokaci ya ƙare ba a dasa ba, ko sun kwance bom ɗin. Kwancewa tana cin daƙiƙa 10, amma wanda ya sayi kayan kwancewa daƙiƙa 5 ta ishe shi. Bayan turmi 12 sai a sauya gefe, masu hari su koma tsaro. Ƙungiyar da ta fara cin turmi 13 ita ce da nasara. A Valorant ma 13 ne.

Daga nan za a ga cewa yawan harbe mutane ba shi ne ci ba. Mutum yana iya harbe 3, amma idan ya manta da agogo, bom ya tashi a bayansa, ƙungiyarsa ta faɗi.

Kuɗin Cikin Wasa

Akwai lissafi a wasan nan, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin ɓarna. Kowane ɗan wasa yana farawa da 800, kuɗin wasa ne, ba na hannu ba. Da shi ake sayen makami da sulke a farkon kowane turmi. Ƙungiyar da ta ci ta wurin harbe abokan karawa duka, kowa a cikinta yakan sami 3,250. Wadda ta faɗi takan sami tsakanin 1,400 da 3,400, gwargwadon yawan faɗuwarta a jere. Bindigar AK-47 kuɗinta 2,700, sulke da kwalkwali 1,000, watau 3,700 ke nan kafin a sayi gurneti ko ɗaya.

Wanda aka harbe ya rasa abin da ya saya. Domin haka ƙa'ida ita ce, a saya tare, a yi tsimi tare. Idan mutum biyu ne kaɗai ke da kuɗin babbar bindiga, gara duka biyar su haƙura su shiga da ƙananan makamai, su tara kuɗin, a turmi na gaba kowa ya fito da cikakken shiri. Manomi ma ba ya cinye irin shuka don yunwar yini ɗaya.

Abu Huɗu Da Za A Fara Koya

Na fari, saiti. A tsakiyar fuskar wasan akwai 'yar alama, inda take can harsashi zai tafi. Sabon shiga yakan riƙa kallon ƙasa da ita yana tafiya. Ka riƙe ta daidai tsayin kan mutum, ka kuma ajiye ta a bakin kwanar da kake zaton abokin karawa zai ɓullo. In ya fito, dannawa kaɗai ta rage maka.

Na biyu, tsayuwa. A Counter-Strike da Valorant, wanda ya yi harbi yana gudu harsashinsa yakan watse. Tsaya cak, sa'an nan ka harba. Kada kuma ka danne kunama ka ƙi saki, gama bakin bindigar yakan yi ta ɗagawa sama. Harsashi biyu ko uku, ka saki, ka sake saiti.

Na uku, kunne. Mai gudu ana jin takunsa, mai tafiya a hankali ba a ji. Iyafis mai kunne biyu, ko da na araha ne, zai gaya maka ko ta dama ake zuwa ko ta hagu. Wanda ke wasa da lasifikar waya cikin hayaniyar kasuwa ya bar rabin wasan a baya.

Na huɗu, taswira. Kada ka yi ta tsalle daga wannan fili zuwa wancan. Zaɓi guda ka san shi kamar unguwarku. A Counter-Strike yawanci akan fara da Dust II ko Mirage. Kowannensu yana da wurin dasa bom biyu, A da B, da hanyar tsakiya. Ka koyi sunan kowane lungu, domin da sunayen nan ake ba da labari.

Aikin Ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙungiya mai tsari kowa da aikinsa. Akwai mai buɗe hanya, wanda ke fara shiga, sau da yawa kuwa shi ake fara harbewa. Akwai mai tallafi, wanda ke jefa gurnetin hayaƙi ya rufe idon masu tsaro. Akwai mai bindigar nesa, akwai mai laɓe wanda ke zagayawa ta baya, akwai kuma kaftin mai faɗin inda za a bi. Ga sabon shiga, aikin tallafi ya fi dacewa. Ka tsaya kusa da ɗan'uwanka, ta yadda in an harbe shi za ka rama nan take. Ɗaya da ɗaya ba hasara ba ce, amma a rasa mutum a banza hasara ce.

Magana kuma ta zama gajeriya: mutum nawa ka gani, a ina, ina suka nufa. "Biyu a tsakiya, sun nufi B." Shi ke nan. In an harbe ka, ba da labarinka ka yi shiru, kada ka zama malami a kan wanda ya rage. Kaftin ya ce a bi dama, ku bi dama duka, ko da kana ganin hagu ta fi. Shawara mai rauni da aka bi tare ta fi shawara biyar masu kyau da kowa ya kama tasa.

Kowane ɗayan wasannin nan yana da sashen horo da sashen wasa na hutawa. A can za ka zauna tukuna. Sashen gasa, inda ake auna darajar kowa, sai ka san dokoki da fili ɗaya sosai, in ba haka ba za ka ɓata wa mutum huɗu lokacinsu.

Matsalar Nisa

Ɗan Dugabau zai lura cewa wani lokaci ya riga harbi amma shi ya faɗi. Ga dalili. Duk abin da ka danna sai ya je wata babbar kwamfuta da ke riƙe da wasan, ya dawo. Na Counter-Strike mafi kusa da mu suna Turai, a birane irin su Madrid da Landan, ko kuma Johannasbag a Afirka ta Kudu. Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne. Igiyar intanet ta MainOne, wadda aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku a 2010, ta kai kimanin kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal. Zuwa da dawowa kilomita 16,000 ke nan. Haske a cikin igiyar yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. In ka raba, za ka sami kashi 80 cikin 1,000 na daƙiƙa, tun ba a ƙara jinkirin eriyar waya ba. Bature mai zaune kusa da kwamfutar bai san wannan wahala ba. Maganin da ke hannunka shi ne ka nemi wurin da sabis ya zauna, ka rufe sauran manhajoji, ka kuma yi wasan dabara da tarko maimakon tseren hannu.

Inda Za A Yi Hankali

Wasannin nan ba na ƙananan yara ba ne. Hukumar da ke tantance wasanni a Amurka ta sa wa Counter-Strike: Global Offensive shekara 17 zuwa sama, ta Turai kuma ta sa wa Valorant shekara 16. Ƙannenmu na aji ɗaya da biyu su jira, iyaye kuma suna da iko su ce a'a.

Shiga kyauta ne, amma data ba kyauta ba ce, caji ma haka. Cikin wasan kuma ana tallar tufafi da fentin bindiga da kuɗi na gaske, alhali fenti ba ya ƙara wa harsashi kome. Kada kuɗin makaranta ko na littafi ya bi ta nan. Kada ka ba baƙon murya sunanka, ko unguwarku, ko lambar sirri da aka turo maka ta waya, kome alkawarin da ya yi.

A kula da baki kuma. Kano ta ga bom na gaske, a ranar 20 ga Janairu 2012 da kuma a Babban Masallacin Juma'a ranar 28 ga Nuwamba 2014, akwai gidajen da har yau ba su daina makoki ba. Yaro ya ɗaga murya a tasha ko kasuwa yana cewa "na dasa bom", zai iya tsorata jama'a ya jawo wa kansa abin da bai zata ba. Zagi ma haka. Za ka gamu da masu ashar a wasan, akwai maɓallin toshe muryarsu, yi amfani da shi, kada ka rama.

Babban haɗarin shi ne lokaci. Wasa guda na gasa yakan ci fiye da rabin sa'a, kuma wanda ya fita a tsakiya akan hukunta shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa jarabar wasannin nan cikin jerin cututtuka. Alamunta uku ne: mutum ya kāsa tsai da kansa, wasa ya sha gaban sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar. Tun kafin ka kunna, yanke wasa nawa za ka yi, ka gaya wa abokanka. Inda dokar makaranta ta hana waya, maganar ta ƙare, sai hutu. A hutun ma, gona da aiken gida da karatu su ne gaba.

Wanda ya kiyaye waɗannan zai sami abin ƙaruwa: sauraron na gaba, tsimin abin hannu, faɗin magana a taƙaice, da haƙuri ran da aka sha kaye. Ƙungiyar ƙwallon makaranta tana bukatar halayen nan, haka ma ɗakin karatu. In kuwa batir ya mutu, sabis ya ɗauke, dandali yana nan, a kama ƙafa a yi langa.