Yadda Ake Gina Wa Ƙaramar Sana'a Shafi A Intanet Da Yadda Ake Riƙe Shi

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu 'ya'yan masu sana'a ne. Wani ubansa tela ne, wani uwarsa tana haɗa turaren wuta tana sayarwa, wani kuma yayansa yana gyaran waya a bakin kasuwa. Tun da sun ga muna taɓa kwamfuta a makaranta, mu suke tambaya yadda shago zai sami shafi a intanet. Saboda haka na ga ya kamata in yi ɗan bayani, gwargwadon abin da na koya a ƙungiyarmu ta kwamfuta da kuma wajen kula da shafin shagon ɗinkin kawuna. Abin da nake so in nuna shi ne, gina shafi aikin 'yan kwanaki ne, riƙe shi kuwa aiki ne na muddin sana'ar tana raye.

Wataƙila wani ya ce, ai ga Facebook da WhatsApp da Instagram, me kuma ake nema? Lalle suna da amfani, amma fa gidan wani ne. Mai gida yana iya rufe maka ƙofa ko ya sake doka ba da shawararka ba. Ran 4 ga Oktoba, 2021, dukkan ukun nan sun ɗauke na wajen awa shida, duk wanda cinikinsa ya dogara a kansu kaɗai sai da ya zauna jira.

To, abu uku ne ke haɗuwa su zama shafi. Na ɗaya suna, watau adireshin da mutum zai rubuta ya iso gare ka, mai ƙarewa da .com, ko .ng na Nijeriya, ko .ne na Nijar, ko .gh na Ghana. Hukumar NiRA ita ke kula da na Nijeriya. Sunan nan hayarsa ake yi, akasari shekara-shekara. Na biyu masauki, watau wuri a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, inda ake ajiye rubutu da hotuna. Shi ma haya ne. Na uku manhajar da za ta shirya rubutun da hotunan ta nuna wa mai ziyara. Wadda aka fi amfani da ita ita ce WordPress.

A shekarar 2003 ne mutum biyu, Matt Mullenweg na Amurka da Mike Little na Ingila, suka fito da WordPress. Sun ɗora ta ne a kan wata tsohuwar manhaja mai suna b2, wadda mai ita, wani Bafaranshe, ya daina yi mata aiki. Asali an yi ta ne domin masu rubuta ra'ayinsu a kai a kai, sabon rubutu ya hau sama, tsoho ya gangara ƙasa. A 2004 aka ba da damar jona mata ƙananan manhajoji na ƙari, waɗanda ake kira filogin. A 2005 kuma aka kawo riguna, watau zubin launi da tsari da ake sa wa shafi, tare da shafuka tsayayyu waɗanda ba su gangarawa. Waɗannan su suka mai da ita abin da ɗan kasuwa zai iya mora. Yanzu cikin kowane shafi goma na duniya, fiye da huɗu da ita aka gina su. Kyauta ce, kowa yana da iznin ɗauka ya gyara.

Sai dai a lura, hanya biyu ce. Akwai WordPress.com, wanda kamfanin Automattic ya buɗe a 2005. Nan su ke ba ka masauki, har akwai na kyauta, amma sunanka zai zo manne da nasu, kuma za su sa tallarsu. Akwai kuma WordPress.org, inda ake ɗauko manhajar a kai ta masaukin da mutum ya kama da kuɗinsa. A ganina wannan ta biyu ta fi dacewa da mai sana'a, domin in masauki bai yi masa ba yana iya kwashe kayansa ya koma wani.

Wajen ginin, abu mafi muhimmanci shi ne rajistar suna. A yi ta da sunan mai sana'a, da imel ɗinsa, da lambar wayarsa, ko da kuwa wani ne ya danna masa. Akwai wani mai sayar da takalma kusa da shagon kawuna, wanda wani saurayi ya gina masa shafi ya yi rajistar da sunan kansa. Da saurayin ya bar gari, haya ta ƙare, sanarwa tana ta zuwa imel ɗin da mai takalma bai san da shi ba. Shafi ya mutu, ga adireshin an riga an buga shi a allon ƙofar shago da ledoji da rasit. Haka abin yake. In haya ta ƙare akan ba da ɗan lokaci a biya, daga nan sai da tara, in wannan ya wuce kowa yana iya ɗauke sunan.

Bayan suna da masauki, sauran aikin ba wuya. Yawancin kamfanonin masauki suna da maɓallin da ake dannawa WordPress ta sauka da kanta. Sa'an nan a zaɓi riga mara nauyi, a gwada ta a waya, domin da waya abokan ciniki za su duba. Shafuka tsayayyu huɗu sun ishi ƙaramin shago: ko su wane ne mu, abin da muke sayarwa da farashinsa, kwatancen inda muke, da yadda za a same mu. Ɓangaren rubutu mai gangarawa kuwa a bar shi ga labarai. Alal misali, a nan kawuna yake sanar da ranar da zai rufe karɓar ɗinkin Salla. Hotuna a rage musu nauyi kafin a ɗora, gama hoto mai nauyi yana cinye wa mai saye data, yana kuma sa shi gajiya da jira ya tafi. Mai son a saya a biya ta shafin yana iya ƙara WooCommerce, filogin da ya fito a 2011, amma sai in ya shirya aika kaya a kan lokaci.

Kada kuma a manta da kwaɗo, watau shaidar da ke nuna cewa abin da ke wucewa tsakanin mai ziyara da shafi a kulle yake. Da can sayenta ake yi, amma tun ƙarshen 2015 Let's Encrypt take ba da ita kyauta. Daga Yuli 2018 manhajar Chrome ta fara rubuta gargaɗi a jikin duk shafin da ba shi da ita.

Yanzu sai batun riƙo. Shafi kamar ginin ƙasa ne, wanda ba a yi masa yaɓe ba damina za ta same shi. Aiki na farko shi ne sabuntawa. Masu manhaja sukan gano kafa a cikinta, su toshe, su fitar da sabon zubi. Da zarar sun sanar, masu kutse ma sun ji inda kafar take. Kada mai shago ya ce wa zai kula da ni. Ba mutum ne ke zama ya zaɓe shi ba, na'urori ne ke yawo dare da rana suna taɓa kowace ƙofa. In sun shiga sukan mai da shafin wurin tallar caca ko aika saƙonnin damfara, har Google ya riƙa gargaɗin mutane kada su shiga. Tun 2013 WordPress take yi wa kanta ƙananan gyare-gyare, a 2020 kuma aka ba da damar filogin da riguna su ma su riƙa sabunta kansu in an kunna musu. Yawancin kafofin ta filogin suke ɓullowa, don haka a taƙaita su, wanda ba a amfani da shi a goge. Na kuɗi da wani ya sato yake rabawa kyauta a guje shi, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Aiki na biyu kwafin ajiya. A riƙa kwafe shafin duka, rubutu da hotuna, a ajiye a wani wuri dabam da masaukin, musamman kafin kowace babbar sabuntawa. Na uku kalmar sirri. Ta zama doguwa, ba sunan ɗa ko lambar waya ba, kuma yaron shago da zai riƙa sa hotuna a buɗe masa tasa ƙofar mai ƙaramin iko. Na huɗu gaskiyar abin da ke rubuce. Farashin bara da lambar da ta daina aiki suna kore mai saye fiye da rashin shafin gaba ɗaya.

A ƙarshe, shawarata ga duk ɗalibin da zai yi wa wani wannan aiki ita ce ya sayi ɗan littafi, ya rubuta kamfanin suna, da na masauki, da ranar ƙarewar kowace haya, ya damƙa wa mai sana'a ya adana. Ya kuma zauna ya koya masa sake farashi da sa hoto da hannunsa, domin mu hutu zai ƙare mu koma makaranta, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.