Tekun da Ya Sauka a Ƙaraye

Kafin 1990, mutumin Ƙaraye da ke marmarin ganin ruwan da ido ba ya kaiwa ƙarshensa sai ya yi guzurin tafiya, wani lokaci har Legas. A lokacin, Kogin Challawa da ke ratsa ƙasarsu kogin damina ne. Yakan cika ya tumbatsa a watan Agusta, da rani kuma ya koma rairayi, sai an tona kafin a sami na sha.

A 1990 ɗin ne kamfanin Julius Berger ya sauke manyan motocinsa ya fara tare bakin kogin. Zuwa 1992 an gama madatsar ruwa ta Challawa, mai tsayin mita 42 da tsawon kusan kilomita 8, wadda ke iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Ruwa ya taru ya haɗiye gonaki da fadamu da tsofaffin matsugunai, mutane suka kwashe nasu-ya-nasu suka koma tudu. Masunta suka zo da taru da kwale-kwale, 'ya'yan manoman da suka tashi da fartanya a hannu suka koyi kamun tarwaɗa da karfasa.

Baƙon da ya isa gaɓar nan da yammacin damina zai ga iska na tayar da igiyar ruwa tana dukan duwatsu. A Tarkwa Bay ta Legas, samari kan hau allo su bi bayan igiya don nishaɗi. Masuncin Ƙaraye ba ya wannan wasa. Da ya ga hadari ya haɗo daga gabas sai ya tattara tarunsa ya nufi gaɓa, domin ya san abin da ke kifar da kwale-kwale.

Da ka bar bakin ruwa ka nausa wajen Rogo, inda Kano ta yi iyaka da Kaduna da Katsina, sai ka shiga ƙasar masara da dawa da rake. Nan har gobe sama manomi yake kallo kafin ya yi shuka.

Abin mamakin yana can ƙasan kogin. Challawa na haɗuwa da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja, su bi ta Wudil har dausayin Haɗeja da Nguru. A da, ambaliyar shekara-shekara ce ke shayar da fadamun can, a noma shinkafa, a yi su, Fulani su yi kiwo idan ruwa ya janye. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa, sai ambaliyar ta ragu, ruwa ya koma kwarara kaɗan-kaɗan rani da damina. Wannan ya yi wa ciyawar kacalla daɗi, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye hatsi. Wasu gonakin suka bushe, wasu suka nutse. Manomin Nguru da bai taɓa taka Ƙaraye ba, ƙofofin madatsar Ƙaraye ne ke da ta cewa kan girbinsa.

Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke riƙe da makullin ƙofofin nan. Haƙƙi ne a kanta, kafin ta buɗe ko ta rufe, ta ji ta bakin wanda ya ba da gonarsa a Ƙaraye da wanda ke jiran ruwa a Nguru.