Yaƙin Basasar Amurka: Bashin Bauta da Aka Biya da Jini

 

Tsakanin shekarar 1861 da 1865 Amurkawa suka ɗauki makamai suka fuskanci junansu. Sojojin da suka mutu sun kai aƙalla 620,000, wasu masana tarihi na baya-bayan nan ma suna kai adadin 750,000. Babu yaƙin da ya taɓa ci wa ƙasar rayuka haka, har da Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya raba su shi ne makomar baƙaƙen fata kusan miliyan 4 da ake riƙe da su a matsayin dukiya, ana sayar da su, ana jinginar da su, ana raba su cikin gado. Duk wanda ya bi tarihin nan zai ga abu guda yana maimaituwa: a duk lokacin da aka ɗage gyaran zalunci da sunan zaman lafiya, sai bashin ya ƙara nauyi a kan 'yan baya.

Bashin da aka yi ta ɗagewa

A 1619 aka fara sauke 'yan Afirka a yankin Bajiniya da ke ƙarƙashin Ingila. Da Amurkawa suka shelanta cin gashin kansu a 1776, sun kafa hujja da cewa an halicci mutane daidai wa daida, alhali Thomas Jefferson da ya rubuta shelar yana da ɗaruruwan bayi. Da aka zo rubuta tsarin mulki a 1787, sai aka kauce wa maganar. Aka yarda cewa wajen rabon kujerun majalisa za a lissafa kowane bayi biyar a matsayin mutum uku, aka hana majalisa taɓa shigo da bayi daga waje kafin 1808, aka kuma wajabta mayar da bawan da ya gudu ga ubangidansa.

Wasu sun yi zaton bautar za ta mutu da kanta. Sai ga injin gurzar auduga a 1793, wanda ya mayar da noman auduga hanyar arziki mafi sauri a Kudu. Masaƙun Ingila suna neman auduga, gonakin Kudu suna neman hannu. Bayin da ba su wuce kimanin 700,000 ba a ƙidayar 1790 suka kusa miliyan 4 a ta 1860. Aka riƙa kwasar mutane daga tsofaffin jihohi zuwa sababbin gonakin Misisifi da Alabama, ana raba uwa da ɗanta, miji da matarsa.

Duk lokacin da ƙasar ta faɗaɗa yamma sai gardama ta tashi: sabuwar jiha, ta bauta ce ko ta 'yanci? A 1820 aka ja layi a taswira aka ce an yi sulhu. A 1850 aka sake wani sulhun, wanda ya tilasta wa mutanen Arewa taya farautar bayin da suka tsere. A 1857 kotun ƙoli, a shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott, ta yanke cewa baƙar fata, bawa ne ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne. Abin lura a duk waɗannan sulhu shi ne, ana yin su ne tsakanin fararen Arewa da fararen Kudu. Wanda ake zalunta ba ya wurin zaman, kuma da haƙƙinsa ake biyan kuɗin sulhun.

Da aka nema wa zalunci rigar addini

Masu bayi ba su tsaya ga hujjar kuɗi ba. Malaman coci da dama a Kudu sun riƙa wa'azi cewa baƙaƙe zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu (AS) ne, wai an la'ance su da bauta har abada. A ɗaya ɓangaren kuma, yawancin masu fafutukar kawar da bauta su ma daga coci suka fito. Gardamar ta yi zafi har ɗariƙar Methodist ta rabe a 1844, ta Baptist ta bi sahu a 1845. Wuraren ibada sun riga ƙasa tsagewa da shekara goma sha shida.

Ɗalibin ilimi zai so ya san cewa tatsuniyar Hamu ta taɓa yawo a littattafan Musulmi, kuma malamai sun ƙaryata ta tun da daɗewa. Ibn Khaldun ya rushe ta, ya danganta bambancin launi ga yanayin ƙasa. Shehu Ahmad Baba na Timbuktu, a fatawarsa Mi'irajus Su'udi ta wajen 1615, ya tabbatar da cewa baƙin fata ba dalilin bauta ba ne, ya kuma ambaci mutanen Kano da Katsina da Borno cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba.

Shekaru huɗu na jini

A Nuwamban 1860 Abraham Lincoln ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Bai yi alkawarin 'yanta bayin Kudu ba, abin da ya ce kawai shi ne bauta ba za ta ƙara yaɗuwa zuwa sababbin yankuna ba. Hakan ma ya ishi masu gonaki. Karolina ta Kudu ta ɓalle ran 20 ga Disamba, wasu suka biyo baya har suka cika jihohi 11, suka kafa gwamnati ƙarƙashin Jefferson Davis. Mataimakinsa, Alexander Stephens, ya faɗa a bainar jama'a a Maris ɗin 1861 cewa ginshiƙin sabuwar ƙasarsu shi ne baƙi ba daidai yake da fari ba, kuma bauta ce matsayinsa. Ran 12 ga Afrilu, 1861 dakarun Kudu suka buɗe wuta kan sansanin Sumter da ke mashigin Charleston.

Arewa tana da mutane kimanin miliyan 22, ga masana'antu da layukan dogo. Kudu tana da miliyan 9, daga ciki kimanin miliyan 3 da rabi bayi ne. Kowane ɓangare ya ɗauka aikin 'yan watanni ne. A Antietam, ran 17 ga Satumba, 1862, mutum kusan 23,000 ne suka mutu ko suka jikkata ko suka ɓace cikin yini guda. A Gettysburg, cikin kwana uku na farkon Yulin 1863, adadin ya kai wajen 50,000. Cututtukan sansani irin su atuni da zazzaɓin taifot sun kashe ninkin waɗanda harsashi ya kashe.

Da farko Lincoln ya ce yana yaƙi ne don haɗa kan ƙasa kawai. Bayin da kansu suka sauya wa yaƙin alƙibla, domin duk inda rundunar Arewa ta doso sai su bar gonaki dubbai-dubbai su nufi sansaninta. Ran 1 ga Janairu, 1863 Lincoln ya shelanta 'yancin bayin jihohin da suka yi tawaye, ya buɗe wa baƙaƙe ƙofar shiga soja. Kimanin 180,000 suka shiga rundunar ƙasa. A jawabin rantsuwarsa ta biyu, a Maris ɗin 1865, Lincoln ya kwatanta yaƙin da hukuncin Ubangiji a kan Arewa da Kudu gaba ɗaya, ya ce ko da za a biya kowane ɗigon jinin da bulala ta zubar da wanda takobi zai zubar, to hukuncin adalci ne. Janar Robert Lee ya miƙa wuya ga Janar Ulysses Grant a Appomattox ran 9 ga Afrilu, 1865. Bayan kwana biyar wani mai goyon bayan Kudu ya harbi Lincoln, ya rasu washegari.

Daga Futa Toro da Kukawa

Cikin waɗanda aka kai Amurka a ɗaure akwai Musulmi masu karatu. Umar ɗan Sa'id mutumin Futa Toro ne, a Senegal ta yau, wanda ya shafe shekaru yana neman ilimi kafin a kama shi a kai shi Charleston a 1807. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe shi da Suratul Mulk, surar da take tabbatar da cewa mulki na Allah ne Shi kaɗai. Ya rasu a Karolina ta Arewa wajen 1864 yana tsoho tukuf, yana bawa, saura kaɗan 'yanci ya iso. Rubutun nasa yana babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka a yau.

Na biyu ɗan gida ne. Muhammadu Ali ɗan Sa'id, haifaffen Kukawa, ɗa ne ga Barka Gana, ɗaya daga manyan jarumawan Shehu Laminu na Borno. Mahara suka kama shi yana saurayi, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Istanbul, har ya faɗa hannun manyan Rasha, inda aka mayar da shi Kirista aka sa masa suna Nicholas. Ya isa Amurka yana ɗa mai cikakken 'yanci, amma a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts, ta baƙaƙen fata. Bayan yaƙi ya koyar a makarantun 'yantattun bayi a Kudu, ya kuma buga tarihin rayuwarsa a 1873.

Labarinsa ya hana mu nuna yatsa da sauri. Ɗan Musulmi ne daga daular Musulunci, kuma a kasuwannin Musulmi aka yi cinikinsa, duk da fatawar Ahmad Baba, duk kuma da hadisin da Bukhari ya ruwaito wanda ya sanya mai sayar da ɗa ya ci kuɗinsa cikin mutum uku da Allah zai zama abokin husumarsu ranar Alƙiyama. Sai dai akwai masu mulkin Musulmi da suka riga Amurka. Ahmad Bey na Tunis ya haramta bauta a ƙasarsa tun 1846, kuma a 1864 shugaban majalisar birnin Tunis, Husaini Pasha, ya rubuta wa jakadan Amurka Amos Perry wasiƙa yana kwaɗaitar da Amurkawa su bi wannan hanya.

'Yanci a takarda

Gyaran tsarin mulki na 13, a 1865, ya haramta bauta. Na 14, a 1868, ya ba duk wanda aka haifa a ƙasar matsayin ɗan ƙasa. Na 15, a 1870, ya hana tauye wa mutum ƙuri'a saboda launinsa. A wannan shekarar Hiram Revels na Misisifi ya zama baƙar fata na farko a majalisar dattawa. Aka buɗe makarantu, iyalan da aka tarwatsa suka bazama neman juna.

Amma an sallami mutanen nan hannu wofi. Lokacin da aka 'yanta bayin birnin Washinton a 1862, iyayen gidansu aka biya diyya, har dala 300 kan kowane bawa. A Janairun 1865 Janar Sherman ya ba da umarnin raba wa 'yantattun iyalai filayen da ba su wuce eka 40 ba a gaɓar teku, sai Andrew Johnson, wanda ya gaji Lincoln, ya ƙwace ya mayar wa tsofaffin masu gonaki. Wanda ba shi da gona dole ya koma gonar tsohon ubangidansa, ya noma a raba amfanin, bashi yana bin sa shekara da shekaru. Gyaran na 13 kuma ya bar ƙofa a buɗe, domin ya halatta aikin tilas ga wanda aka yanke wa hukunci. Sai jihohin Kudu suka riƙa kama baƙaƙe da laifin zaman banza, suna ba da hayarsu ga gonaki da ma'adinai. Ƙungiyar Ku Klux Klan ta riƙa kashe masu fita jefa ƙuri'a.

A 1877 aka sake wani sulhun irin na da. Don warware rikicin zaɓen shugaban ƙasa, gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga Kudu, ta bar baƙaƙe a hannun waɗanda suka yi yaƙi don ci gaba da bautar da su. A 1896 kotun ƙoli ta halatta wariya: makaranta daban, jirgin ƙasa daban, har maƙabarta daban. Sai a 1954 kotun ta haramta wariya a makarantu, sannan dokokin 1964 da 1965, bayan gwagwarmayar su Martin Luther King, suka dawo da haƙƙoƙin da tsarin mulki ya bayar tun kusan shekara ɗari baya. A cikin wannan yanayi ne Malcolm X ya yi aikin Hajji a 1964, ya ga farare da baƙaƙe suna cin abinci a faranti guda, abin da ya sauya masa tunani game da launin fata.

Gardamar da ba ta ƙare ba

Kudu ta sha kaye a fagen daga, amma ta daɗe tana riƙe da alƙalamin tarihi. Aka riƙa koyar da yara cewa an yi yaƙin ne don kare 'yancin jihohi, alhali takardun ɓallewar jihohi irin su Karolina ta Kudu da Misisifi sun ambaci bauta ƙarara. Aka kafa mutum-mutumin janar-janar na tawaye a tsakiyar birane, yawancinsu a farkon ƙarni na 20, lokacin da wariya take ganiyarta. A 2015 wani matashi mai ɗaga tutar Kudu ya kashe baƙaƙe tara a wani coci a Charleston. Bayan kisan George Floyd a 2020 zanga-zanga ta game ƙasar, kuma a 2021 aka sauke mutum-mutumin Lee a Richmond, tsohon babban birnin 'yan tawaye. A wannan shekarar ce aka mayar da 19 ga Yuni ranar hutu ta ƙasa, don tuna ranar da labarin 'yanci ya isa ga bayin Galveston a jihar Teksas a 1865. Giɓin dukiya tsakanin iyalan farare da na baƙaƙe kuwa yana nan da faɗinsa, har ana ci gaba da jayayya kan biyan diyya.

Malamanmu sun ce tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika da daina laifi kawai, sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Amurka ta daina a 1865, ta jinkirta mayarwa, jikoki suka gaji ragowar bashin. Mai karatu ya duba kusa da shi. Idan har yau a wasu gidajenmu ana hana aure da kalmar "ba shi da asali", ana goranta wa mutum abin da aka yi wa kakansa da ƙarfin tsiya, to saura na wannan ciwo bai bar mu ba, alhali Musulunci ya sanya taƙawa ce kaɗai ma'aunin fifiko.

Allah Ya kare mu daga zalunci da taya azzalumi, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin bayinSa tun muna raye.